Wadda Ta Fara Buɗe Baki

Villeurbanne, 9 ga Oktoba, 2023

Zuwa ga Inna Sabuwa,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu. Yaya ƙarfin jiki? Yaya Benjamin da iyalinsa? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa aikin da aka yi miki shi ne ƙarshen wahala.

Ban sani ba ko za ki tuna ni. Ni ce Hannatu, 'yar marigayiya Dinatu ta Gidan Jatau. Kakata da mahaifinki 'ya'yan wa da ƙani ne. Rabonki da ni tun ina shekara tara. A wurin bikin wani ɗan Malumfashi a nan Lyon na ji ana cewa kina Faransa wajen ɗanki tun bara, an yi miki aiki a maƙogwaro. Na nemi lambar Benjamin na kira shi. Ya ce murya ta tafi gaba ɗaya, kuma ba ki son latse-latsen waya, amma idan aka ba ki biro sai ki cika shafi uku. Da na ji haka sai da na nemi wuri na zauna. Muryar da take jan waƙar Zumuntar Mata har a jiyo ta daga bakin rafi! To, ga ni na zo miki da biro.

Ni ina nan lafiya. Shekarata huɗu a nan Villeurbanne, gefen Lyon, ina aikin bincike a jami'a kan tsabtace ruwan sha. Tiram, ƙaramin jirgin ƙasan cikin gari, ya kai ni da safe, ya dawo da ni da yamma. Ban yi aure ba tukuna, na san za ki tambaya.

Inna, littafi nake rubutawa da Hausa. Labarin ban tsoro ne, irin wanda Kirista zai karanta tsigar jikinsa ta tashi amma bangaskiyarsa tana nan. Labarin wani ƙauye ne da yara suka shiga mutuwa a bazara ɗaya bayan ɗaya, ikilisiya ta rasa yadda za ta yi, sai aka ce wata gwauruwa ce mayyar da take kama su. Ba sai na yi miki kwana-kwana ba. Labarin mahaifiyata ne, sunaye kawai na canza.

Abin da na gani da idona kaɗan ne, ta bayan katangar majami'a nake leƙe. Shekara biyun da Mama ta yi a Funtuwa kafin ta rasu, ko sau ɗaya ba ta ɗauko zancen ba. Kawu Sabi'u da ya riƙe mu ba ya nan aka yi. Ke kina nan, har ƙaramarki Kyauta tana cikin yaran da aka rasa. Na san fama miki ciwo zan yi, ki gafarce ni. Ina so in san wace rana ce, me aka rera, me aka ce, yaya wurin yake. Idan ya yi miki nauyi, ki bar shi, ki rubuto mini labarin jikinki kawai.

'Yarki,
Hannatu

Stains, 18 ga Oktoba, 2023

'Yata Hannatu,

Na amsa gaisuwarki da farin ciki. Jiki da sauƙi, mun gode wa Allah. Benjamin da matarsa suna gaishe ki.

Wai ko zan tuna ki? Ni na yi miki kitson farko, kina ihu kamar ana yanka ki. Da na ga sunan Dinatu a takarda sai da na ajiye ta na sha ruwa kafin in ci gaba.

Ina nan hawa na tara, ina kallon rufin motoci. Sun bar mini 'yar ƙofa a wuya da nake numfashi ta ciki, ina rufe ta da ɗankwali. Abinci sai mai ruwa-ruwa. Akwai maƙwabciyata Hajiya Fatsima, mutuniyar Damagaram, kullum da hantsi sai ta kawo mini kunu ta zauna. Ita take yin maganarta, ita take amsa tawa. Rabin Hausarta Faransanci ne, amma muna fahimtar juna.

Maganar littafinki, da farko raina bai so ba. Mu da aka yi mana baftisma har tatsuniyar dodo aka hana mu, aka ce ɗan haske ba ya wasa da duhu. Me ya sa za ki zauna ki ƙera wa mutane tsoro, bayan wanda duniya take rabawa kyauta? Amma ke mai ilimi ce, kuma uwarki ce. Ga abin da kika tambaya.

Ranar Alhamis ce, bayan taron Zumunta, bazarar 1998. Zafi ne irin wanda kaji suke buɗe baki. An riga an binne yara uku cikin kwana tara. Wasu uku suna kwance, aka kawo su gindin ɗorawar majami'a a kan tabarma don a yi musu addu'a. Wuyansu ya sandare, kai ya koma baya. Yanzu kowa ya san sanƙarau ne. A lokacin ma wasu sun faɗa, ba a saurare su ba.

Ba a rera komai ba. Na ga kamar kina zaton an yi ta ihu da kiɗa. Idan tsoro kike so mai karatu ya ji, ki cire ihun. Mutum sama da ɗari ne a tsaye, amma kina jin ƙudan da yake kan fuskar yaran. Wannan shirun har yau yana kunnena.

Hannuna ya gaji. Amma ki gaya mini abu ɗaya. Kowane irin wannan labari yana da mugu. Wa kika sa ya zama mugun naki? Shaiɗan ne da kansa?

Innarki,
Sabuwa

Villeurbanne, 29 ga Oktoba, 2023

Inna,

Barka da war haka. Na ji daɗin ganin rubutunki, na karanta sau uku a cikin tiram har na wuce tashata. A gaishe mini da Hajiya Fatsima, Allah ya saka mata.

Na cire ihun kamar yadda kika ce. Babi na shida ya zama wani abu daban, ni da na rubuta shi ma ban son sake karanta shi.

Tambayarki ita ce ta hana ni gama littafin nan shekara biyu. Muna da 'yar ƙungiya ta Kiristoci masu rubutu, muna haɗuwa sau ɗaya a wata a zauren wata majami'a a Lyon. Kowa da ra'ayinsa. Akwai Widad, 'yar Lebanon, ta fitar da littattafai uku da Faransanci. Ita ta ce ka tsorata mai karatu yadda ka ga dama, amma ka bar masa ƙofar fita, domin abin da ya raba mu da sauran marubuta shi ne mun san duhu ba shi ne ƙarshe ba. Wani ɗan'uwa daga Kwango ya ce dole aljanin ya zama na gaske, a fitar da shi da sunan Yesu, in ba haka ba rashin bangaskiya ne aka sa wa rigar adabi. Fastonmu kuwa cewa ya yi kada in ba Shaiɗan shafuka da yawa, yana son a yi maganarsa.

Na gwada duka. Da na mai da gwauruwar mayya ta gaske, labarin ya yi daɗi ƙwarai, amma na ji kamar na sake korar Mama da hannuna, na yage shi. Da na sa aljani ne ya shiga garin aka yi addu'a ya fita, sai kowa ya koma gida da hannu wankakke, ba mai laifi. Wannan ma ƙarya ce. Na gaskata akwai Mugun, Inna, ban bar koyarwar da kuka ba mu ba. Amma a Gidan Jatau ta bakin mutum ya shigo.

Saboda haka mugun littafina mace ce. Na daɗe da sanin wadda ta fara buɗe baki a kan mahaifiyata. Ina yarinya amma ina da ido. Ke ma kin san ta, Inna, fiye da kowa, ba sai na rubuta sunanta ba. Shekara ashirin da biyar ina ganin fuskarta. Na sa ta a littafin yadda take, tana gaba-gaba a sujada, kowa yana ganinta tsarkakakkiya, kuma ban yi niyyar barinta ta mutu da sauƙi ba.

Ki gaya mini gaskiya, zunubi ne in hukunta mutum a takarda?

'Yarki,
Hannatu

Villeurbanne, 2 ga Disamba, 2023

Inna,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa? Sati biyar ke nan ina duba akwatin wasiƙa ba komai. Na kira Benjamin, ya ce jiki bai tashi ba, likita ma ya yaba, sai dai kin daina rubutu, kin daina taɓa kunun Hajiya Fatsima, kina wuni a bakin taga. Ya tambaye ni me na rubuto miki. Na ce labarin gida ne.

Idan maganar Kyauta ce ta tayar miki da hankali, na tuba. Mu bar littafin. Sanyi ya shigo sosai a nan, ina fata kina rufe wuyan da kyau. Ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Hannatu

Stains, 11 ga Disamba, 2023

Hannatu,

Na samu wasiƙunki biyu. Jikina lafiya, kada ki damu da shi.

Tunda kin sani, ban ga amfanin ɓoye-ɓoye ba. Abin da ya dame ni shi ne kin zo mini da gaisuwa da "Inna", alhali kin san ni ce. Amma kina da gaskiya. Wanda ya yi abin da na yi ba shi da bakin zaɓar yadda za a zo masa. Tunda za ki rubuta ni, gara ki rubuta daidai.

Kyauta ta kwanta ran Talata. Shekararta huɗu. Kin tuna yadda take manne wa uwarki, kullum tana gindin kaskon ƙosanta, idan na yi mata faɗa gidanku take gudu. Ran Laraba da rana zazzaɓi ya hau kanta, ta shiga sambatu. Ta ce, "Inna Dinatu." Ta sake cewa, "Inna Dinatu, ruwa." Ni kaɗai ce a ɗakin. Kin san abin da mutanenmu suke cewa, wanda maye ya kama yakan ambaci sunansa. Ni da nake koya wa mata cewa Yesu ya karya waɗannan abubuwa, na zauna da kalmar nan a cikina kwana guda.

Ran Alhamis a taron Zumunta aka ce kowa ta kawo abin addu'a. Na miƙe na ce, "Kyauta tana ambaton Dinatu." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ce mayya ba. Amma ban faɗi "ruwa" ba, kuma na san abin da nake yi da na bar shi. Kafin a rufe taro magana ta kai wajen maza.

Fasto ya tsaya a ƙofar majami'a ya ce wannan ciwo ne, a nemo mota a kai yara Malumfashi. Wani dattijo ya ce masa, "Kai baƙo ne, ba ɗanka a tabarma." Aka ture shi gefe. Aka je aka zo da uwarki, hannunta duk ƙullun wake. Aka ce ta tuɓe ta tsallake yaran ta sake su.

Ta dube ni ta ce, "Sabuwa, ke kika ce?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Idan zai sa Kyauta ta tashi, zan yi." Ba wanda ya taɓa ta. Ita ta kwance zaninta da hannunta, ta tsallake su ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan Kyauta ta tsuguna ta shafa goshinta. Mutane suka ce kun gani, ta amsa laifinta, mai gaskiya ba zai yarda ya tsallaka ba. Matar Fasto ce kaɗai ta ratsa mutane, ta ɗauki zanin daga ƙasa ta rufe ta, ta raka ta har gida.

Kyauta ta cika ran Asabar. Aka ce uwarki ta ƙi sakinta. Ran Lahadi aka soke sunanta daga ikilisiya, ran Litinin kuka hau motar Funtuwa. Bayan sati biyu masu allura suka zo, ciwo ya tsaya. Aka ce ai don mayya ta tafi ne. Ni na san yarinyata ƙishirwa take ji, ta kira wadda ta saba ba ta ruwa. Na sani tun kafin a binne ta. Na ci gaba da jan waƙa shekara ashirin da huɗu.

Kin tambaya ko zunubi ne ki hukunta mutum a takarda. Ban sani ba. Ni dai ba zan ce kin zalunce ni ba. Benjamin bai san komai ba, yana makarantar kwana lokacin. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai ke.

Sabuwa

Stains, 14 ga Fabrairu, 2024

Hannatu,

Ina gaishe ki. Ina fata kina lafiya, ya aiki, ya sanyi?

Kirsimeti ta wuce, sabuwar shekara ta wuce. Ban sa ran amsa ba, amma kullum Benjamin ya shigo sai na dubi hannunsa. Ba roƙonki nake yi ba. So nake in san takardar ta isa hannunki, ba hannun wani ba. Idan ta isa, ko ambulan ne babu komai ciki ki aiko, zan gane.

Tari ya dame ni kwanan nan, za su sake ɗaukar hoton ƙirji ran Litinin.

Sabuwa

Villeurbanne, 10 ga Maris, 2024

Inna Sabuwa,

Ina gaisuwa. Allah ya sa sakamakon hoton ya zo da sauƙi. Takardarki ta iso tun Disamba.

Ba ke nake nufi ba.

Matar Fasto nake nufi. Na rantse ban taɓa kawo ki a raina ba. Abin da na gani ta bayan katanga shi ne Mama a tsaye ba zani, matar Fasto kuma tana riƙe da zanin a hannunta, fuskarta a murtuke. Na ɗauka ita ta tuɓe ta. Na ce kin san ta fiye da kowa domin tare kuke shugabancin Zumunta. Da kika yi shiru na zaci na fama miki mutuwar Kyauta. Da na rubuta sunanta a wasiƙar nan, da har yau ke ce Innata mai kitso, ni kuma ina nan ina tsine wa macen da ta rufa wa uwata asiri.

Na buɗe wasiƙarki a tsaye a bakin akwatin. Ban san lokacin da na zauna a kan matakala ba, sai da wata tsohuwa maƙwabciyata ta taɓa kafaɗata. Sati biyu ban je aiki ba, na ce mura ce. Tun daga ranar ban ci jibin Ubangiji ba. Idan aka zo wurin gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi, bakina rufewa yake.

Kin san abin da Mama take yi a Funtuwa? Kawu Sabi'u Musulmi ne, amma shi yake cewa ta tashi ya kai ta majami'a a kan keke. Ba ta taɓa yarda ba. Ta daina suya, ta ce wa zai ci abin hannunta. Idan yaran maƙwabta suka shigo sai ta shige ɗaki ta ja labule, kada wani ya yi zazzaɓi a ce ita ce. Ni kaina sai da ta daina ba ni ruwa da hannunta, ta ajiye kofin a ƙasa in ɗauka. Likita ya ce hawan jini ne ya kashe ta. Shekararta talatin da shida. Yanzu na kusa kai ta.

Kuma ta sani. Ta san ke ce, ba ta taɓa gaya mini ba. Ranar da labari ya zo cewa Benjamin ya ci jarrabawa, cewa ta yi, "Allah ya sanyaya wa Sabuwa." Ban san yadda zan yi da wannan ba.

Littafin ya tsaya. Shafi ɗari biyu na gina a kan mace mai taurin fuska da muguwar zuciya, ina jin daɗin abin da zan yi mata a babin ƙarshe. Yanzu ga ni da uwa wadda 'yarta take mutuwa, ta faɗi kalma huɗu ta haɗiye ɗaya. Ba zan iya jefa ta a wuta ba, ba zan iya wanke ta ba. Na gaya wa Widad ba tare da suna ba. Ta ce, "Yanzu kika samu labarin, wancan na baya ramuwa ce." Saura kaɗan in mare ta. Wataƙila gaskiya ta faɗa, amma ita uwarta tana Beirut da ranta.

Ba zan rubuta miki cewa na yafe ba, domin ƙarya zan yi. Abu ɗaya nake so. Matar Fasto tana da rai? A ina take?

Hannatu

Stains, 7 ga Afrilu, 2024

Hannatu,

Na gode da kika rubuto. Barka da Ista. Ina fata kin koma aiki.

Da na karanta layin da kika ce ba ni kike nufi ba na yi dariya, irin tawa ta yanzu da ba ta da sauti, har Hajiya Fatsima ta tsorata ta zaci shaƙewa nake. Ashe da kaina na kai kaina. Ban yi nadama ba. Da kin ambaci sunan baiwar Allah nan, na san halina, da na yi shiru na bar ki da ita.

Sunanta Damaris. Ta rasu a Zariya shekara goma sha uku da suka wuce. An ɗauke su ita da mijinta daga Gidan Jatau a ƙarshen shekarar da abin ya faru, dattawa suka ce Fasto ba ya jin maganar mutane. Tana da 'ya a Kaduna, zan sa a nemo miki lambarta.

Hoton bai zo da sauƙi ba. Ciwon ya sauka huhu. Sun ce a sake wani zagayen magani, na rubuta musu a'a. Gida nake so. Za mu tashi ran biyu ga Mayu.

Na gaya wa Benjamin. Na ba shi a rubuce, ya karanta a kicin, ya fita bai dawo ba sai yamma. Kwana uku bai dube ni ba. A na huɗu ya zo ya gyara mini matashi. Na rubuta wata takarda da zai karanta a gaban ikilisiyar Gidan Jatau ran Lahadi, ina tsaye a gefensa. Zan roƙi a mai da sunan Dinatu. Yawancin waɗanda suka tsaya a gindin ɗorawar nan sun mutu, amma 'ya'yansu har yau "gidan mayya" suke kiran kangonku.

Maganar littafi, ni ba marubuciya ba ce, amma ki ji. Ki sa sunana na gaskiya idan kina so. Kada ki ba ni jan ido ko baƙar zuciya tun daga shafin farko, domin mai karatu zai ce shi ba haka yake ba, ya rufe littafi ya yi barcinsa. Ki rubuta cewa ina dafa wa marasa lafiya, ina azumi, ina son uwarki. Kuma kada ki sa na tuba da wuri don labari ya yi kyau. Shekara ashirin da biyar na ɗauka, shi ma bisa kuskure.

Ban roƙe ki gafara ba domin ban ga da wane baki ba. Roƙona ɗaya ne. Ba wanda ya je jana'izar uwarki daga garinmu. A ina aka sa ta? Idan ba ki so in taka wurin, ki ce a'a, ba zan nema ta wata hanya ba.

Sabuwa

Villeurbanne, 21 ga Afrilu, 2024

Inna,

Ina gaisuwa. Na ji labarin hoton. Allah ya ba ki ƙarfin tafiya, ya sauke ku lafiya. Ki ce wa Benjamin na gode, na san abin da zai ɗauka ran Lahadin nan ba ƙarami ba ne.

Ba zan zo in yi miki sallama ba. Awa biyu ne a jirgin ƙasa, na sani. Ran Asabar har tasha na je, na tsaya ina kallon allo, jirgin ya tashi ina tsaye. Ki yi haƙuri da ni a kan wannan.

Na buɗe littafin jiya, karo na farko tun Disamba. Na koma shafin farko. Ban san yadda zai ƙare ba, ban ma san ko ƙofar da Widad take faɗa tana nan ba. Ba zan sa sunanki ba. Zan sa na Damaris, idan 'yarta ta yarda.

Idan kun isa Funtuwa, ku nemi shagon ɗinkin Kawu Sabi'u a bayan tsohuwar tashar mota, kowa ya san shi. Na kira shi na gaya masa kina zuwa, na gaya masa dalili. Ya ce, "To, ta zo da safe kafin rana ta yi zafi." Mai yiwuwa ba zai amsa gaisuwarki ba, amma zai kai ki.

Maƙabartar Kirista ce da ke hayin layin dogo. Mota ba ta shiga, akwai tafiyar ƙasa kamar ta minti goma, a tafi miki da kujera da ruwa. Mama tana can ƙarshe ta gabas, kusa da katanga. Ba dutse. Kawu ne ya sa aka zuba siminti, ya rubuta sunanta da ƙusa tun yana ɗanye. Ya nemo wani birkila Kirista ya zana gicciyen, domin ya ce shi bai san yadda ake yi ba kuma ba ya so ya ɓata mata. Duk shekara kafin ruwa ya sauka yakan je ya share wurin.

Kada Benjamin ya karanta komai a can. Su ja baya su ba ku wuri. Ki zauna kawai, ita ma ba mai yawan magana ba ce.

'Yar Dinatu,
Hannatu